Ƙafa Ba Ta Kwana a Ƙasa

Mutanen da wannan labari ya shafa su ne waɗannan. Akwai marigayi Dogara, maƙerin amalanke da bodin mota a Kafanchan, wanda ya riga mu gidan gaskiya kafin abin ya faru, amma hannunsa yana cikin kome. Akwai ɗansa Bartholomew, hedimasta, da 'yarsa Magdalene. Akwai mutum uku da suka koyi sana'a a ƙarƙashinsa: Meshak, mijin Magdalene, wanda aka kashe, Silvanus, dattijon majami'a mai garejin bodi, da Tagwai, wanda ya baro hannunsa na dama a yaƙin basasa. Akwai Mijinyawa mai sayen tsohon ƙarfe a bayan tasha, da Saje Yakubu ɗan sanda. Na ƙarshe shi ne Kumai, maharbi mutumin Fadan Kaje, wanda ake kira idan saniya ta ɓace, domin yana karanta ƙasa kamar yadda malamai suke karanta littafi.

Dogara ya fara da amalanken shanu masu kai citta da itace tashar jirgi. Daga nan ya yi wa wani Baturen haƙar kuza keken doki mai ƙafa huɗu da rumfa, wanda Baturen ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Da motoci suka yawaita sai ya koma yi musu bodin katako. A ƙarshen ransa har ya tattara tarkacen injuna ya haɗa mota da kansa, ya rubuta mata Sannu Ba Ta Hana Zuwa a goshi. Ta kuwa kai Godogodo, ko da yake a dawowa shanu ne suka jawo ta. Bayan rasuwarsa Bartholomew ya shafe maƙerar da farar ƙasa, ya jera amalanken farko da motar da zugazugi da masabu, ya sa keken dokin a tsakiya, ya kafa allo a ƙofa: Gidan Tarihin Dogara. Meshak ne mai tsaro, a can yake kwana, shi ne kuma mai yi wa 'yan makaranta bayani idan an kawo su kallo.

A daminar shekarar 1977, wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, Magdalene ta kai wa mijinta kunu ta tarar da ƙofa a buɗe. Meshak yana kwance rub da ciki kusa da keken, an fasa masa kai ta baya, jini ya bi ƙasa har ƙarƙashin amalanke. Masabar Dogara tana yashe a gefensa da gashi manne a bakinta. Keken kuwa ya karkace a kan wani gungume, ƙafarsa ɗaya ta baya babu.

Kukanta ya tara unguwa. Kafin a je a kira Kumai, wasu samari sun ga layin da zoben ƙarfen ƙafar ya zana a kan laka, suka bi shi ta bayan gonakin citta, ta gefen layin dogo, har cikin filin da Mijinyawa yake tara ƙarafa. Ga ƙafar nan jingine da bango.

Babu wanda ya tsaya tambaya, domin kowa ya san an yi faɗa. Mijinyawa ya taɓa zuwa neman a sayar masa da tulin ƙarfen da ke bayan gidan tarihin, Meshak ya kore shi da zagi, shi kuwa ya faɗa a kasuwa cewa komai daren daɗewa wannan tarkace duk sai ya hau sikelinsa. Suka fizgo shi daga zaure yana riƙe da buta. Wani ya kafta masa gora a ka, wani ya zubar masa da haƙora da dutse, suka tattake shi cikin laka har ya daina kare fuskarsa. Da Saje Yakubu bai iso ya harba bindiga sama ba, da gawa biyu aka kwana da su. Sajen ya ja shi cikin zaure, ya tsaya a ƙofa da 'yan sandansa biyu.

A haka Kumai ya same su. Saje ya ja shi gefe ya gaya masa cewa ruwa ya cinye kwalbati a hanya, motar da za ta ɗauki mutumin ba za ta iso yau ba, kuma ba ya iya ratsa wannan taro da shi a ƙasa. Samarin sun rantse cewa da zarar an rufe Meshak da la'asar, daga maƙabarta nan za su yiwo da kananzir. Kumai ya dubi gidan. Iyalin Mijinyawa suna ciki, kuma rufin gidan yana haɗe da na maƙwabta har zuwa bakin kasuwa. Ya san wutar da aka kunna a nan ba a gida ɗaya za ta tsaya ba.

Ya shiga zaure. Mijinyawa yana kwance a kan tabarma, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Shekara da shekaru Kumai yana sayen darma a wurinsa don harsashi, ba su kuwa taɓa rabuwa ba tare da sun zagi juna ba.

"Maharbin ɓeraye, kai ma ka zo ka taka naka?" in ji Mijinyawa, jini yana fita da maganar.

"Ni ba na taka abin da ya riga ya lalace. Kai ka kashe shi?"

"Wallahi tun sallar asuba ina cikin zauren nan. Da ni na sato, a ƙofar gidana zan jingine ta in jira ku?"

Kumai ya juya. Ya fita ya je wurin ƙafar, wadda Saje ya hana kowa taɓawa. Tsawonta ya kai ƙirjin mutum, katakon maɗaci ne da zoben ƙarfe. Sawun mutane ya riga ya dagula wurin, babu abin karantawa a ƙasa. Amma da ya durƙusa sai ya ga ƙafar ba ta taɓa ƙasa ba. An ɗora ta a kan duwatsu biyu, ɗaya nan ɗaya nan, an saita ta sosai. Ya dubi sauran filin: tsofaffin wili, da gatarin amalanke, da ƙyauren mota, duk a zube cikin ciyawa, gara tana cin wanda take so. Ya tambayi ɗan sanda ko su ne suka sa duwatsun, ya ce haka suka tarar.

Daga nan ya bi layin zoben baya baya zuwa gidan tarihi. Samarin sun tattake tsakiyar hanya, amma a wurare da dama layin ya tsira. Ruwa bai taɓa shi ba, ke nan bayan ɗaukewar ruwa aka bi, lokacin da hazon damina ya rufe gari mutum ba ya ganin na gabansa. Wanda ya garo ƙafar ya taka ciyawa da tsakuwar layin dogo, bai bar sawun kirki ba, sai rabin dunduniyar takalmin roba irin wanda rabin garin suke sawa. Abin da ya tsayar da Kumai shi ne layin kansa. A miƙe yake kamar an ja zare, ko a gangara bai yi lanƙwasa ba, babu kuma inda ƙafar ta faɗi aka tayar.

A gidan tarihi an riga an ɗauke gawa. Bartholomew yana zaune a kan matakin motar mahaifinsa, ya rasa abin yi da hannuwansa. Mutane sun gaya wa Kumai cewa shi ma sun yi cacar baki da Meshak kwanan baya, don haka ya tambaye shi ba kwana-kwana. Hedimasta ya ce gaskiya ne, ya so a kai keken wani biki a filin makaranta, Meshak ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Da ya faɗi wannan sai ya rufe fuska. Kumai ya roƙe shi ya ba shi aron wata tsohuwar ƙafar amalanke da ke rataye a bango. Ya fitar da ita tsakar fili ya gara. Ba ta yi taku biyar ba ta karkata hagu ta zagaye shi ta faɗi, kaɗan ya rage ta karya masa yatsun ƙafa. Ya sake, ta sake. Bartholomew ya ce haka suke, Baba yana yin su da ɗan zurfi kamar faifai don su ɗauki nauyi, shi ya sa suke gudu gefe. Shi dai tun yana yaro aka kai shi makarantar mishan, bai taɓa iya garawa ba.

Yana nan sai aka kawo labari cewa an kama Tagwai a gidan burkutu da jini a riga. Wasu daga cikin taron sun ce watakila shi ne ya buɗe wa Bahaushen ƙofa, tun da an san shi da cewa Dogara ya ci ƙuruciyarsa a banza. Kumai ya tarar sun ɗaure masa hannunsa guda a jikin turken akuya, wani ya riga ya fasa masa leɓe. Mai burkutun tana ta rantsuwa da Ubangiji cewa jinin na alade ne, shi ya riƙe mata ƙafa aka yanka da sassafe, ga naman can a tukunya. Kumai ya shinshina rigar, ya dubi gashin da ya manne a jiki, ya ce a kwance shi. Ya ƙara da cewa duk wanda yake ganin mai hannu ɗaya zai garo wannan ƙafa daga nan zuwa tasha, ya je ya gwada da nasa biyun.

Ya zauna kusa da Tagwai ya saya masa ƙwarya guda, sannan ya tambaye shi, kamar hira, me zai sa mutum ya ɗora ƙafar keke a kan duwatsu.

Tagwai ya yi dariya har leɓen ya sake ɓallewa. Ya juya ya ɗaga riga ya nuna masa wasu tsofaffin tabo a gadon baya. "Ka ga wannan, Baba Kumai? Ba soja ya yi mini ba. Ƙafa na bari a ƙasa na je fitsari. Baba Dogara ya ce ƙafa ba ya kwana a ƙasa, gara zai shiga. Da belin inji ya koya mana. Ni yanzu ko faranti ne ya yi kama da wili, sai na sa masa dutse kafin na iya barci."

Kumai ya tambaye shi su wa aka koya wa haka. Ya ce yara da yawa sun zo sun gudu kafin dukan ya shige su, waɗanda suka daure har ya zama jininsu su uku ne: shi, da Meshak, da Silvanus. Da burkutu ta ƙara kama shi sai ya ci gaba da abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce kowa a maƙerar ya san ƙafafun keken nan huɗu ba Dogara ya yi su ba. Shekarar da Bature ya ba da aikin, kurkunu ya kwantar da Baba, Silvanus ne yana saurayi ya sassaƙa su shi kaɗai ya sa musu zobe. Ranar da Bature ya zo yana yabo, Silvanus ya buɗe baki zai yi magana, da yamma Baba ya ɗora masa yatsa a kan maƙera ya karya. Meshak kuwa a lokacin zuga wuta kawai yake yi, amma shi ya auri 'yar, shi ya gaji masaba, shi ne kuma yake gaya wa 'yan makaranta cewa shi da Baba suka yi.

Rana ta riga ta karkata lokacin da Kumai ya isa gidan makoki. Matan zumunta suna waƙa a tsakar gida, kafinta yana buga akwati a waje. Silvanus yana zaune cikin dattawa a ƙarƙashin mangwaro, da sanda a hannu, samari suna zuwa suna raɗa masa magana suna komawa. Shi ne ya fi kowa kuka da safe, shi ne kuma ya fara ambaton sunan Mijinyawa. Ya karɓi gaisuwar Kumai da ladabi. Da aka zo kan ƙafa, ya ce shi rabonsa da aikin amalanke tun kafin a sami mulkin kai, hannunsa ya manta, bodin mota kawai ya sani. Ya ce ga bayansa ma ya riƙe kwana biyun nan, ko bokitin ruwa ba ya iya ɗagawa, da asuba yana kwance yana fama. Ya ce jinin ɗan'uwansa yana kuka daga ƙasa kamar na Habila, kuma mai bin sawu ya gama aikinsa tun da sawu ya kai gidan ɓarawo.

Da Silvanus ya tashi zai shiga wurin gawa, Kumai ya bi bayansa da ido, ba mutumin yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Mai ciwon baya yana huda laka da sandarsa. Wannan sanda taɓa ƙasa kawai take yi tana tashi, kamar kaza tana tsattsaga.

Amma ya san wannan ba zai tsayar da kananzir ba. Idan ya tsaya gaban samari ya ce dattijon majami'a ne saboda duwatsu biyu da ramin sanda, shi za a fara jefa. Sai ya nemi Magdalene. Aka fito da ita bayan ɗaki, idanunta sun bushe. Bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce mata kawai yana roƙon kada a ɗauki akwati sai an mayar da ƙafar gidan mahaifinta a gaban jama'a, kuma ita kaɗai za ta faɗi haka a ji. Ta dube shi ta ce, "Baba Kumai, in ka san abu, kada ka bar ni in binne shi da ƙarya."

Aka taru a filin gidan tarihi. 'Yan sanda suka ɗauko ƙafar a kan amalanken hannu suka sauke a bakin fili. Aka kawo Mijinyawa a kan ƙyaure, Saje yana gefensa da bindiga, taron yana gurnani, ana jin warin kananzir daga galan ɗin da wasu suka ɓoye a bayansu. Kumai ya riga ya zagaya shi kaɗai ya yar da 'yan duwatsu a gindin bangon maƙera, daidai inda gara ta yi hanya ta hau farar ƙasa.

Ya yi wa jama'a bayani a taƙaice. Ya ce layin da ƙafar ta bari a miƙe yake, alhali irin wannan ƙafa ba ta tafiya a miƙe a hannun kowa, don haka duk wanda sunansa ya fito a bakin mutane yau zai gara ta daga nan zuwa bango, a gani. Wani saurayi ya ce wasan yara aka tara su yi, Magdalene ta juya ta dube shi, ya ja da baya.

Bartholomew ya fara. Ƙafar ta kauce ta shiga cikin mata, aka watse, ta faɗi. Aka tayar aka mayar. Tagwai ya gwada da hannu ɗaya da kafaɗa, ta buge shi a gwiwa ya zauna a laka yana zaginta da uwarta. Aka ɗaga Mijinyawa, mutum biyu suna riƙe da shi, ya tura, ta yi rabin da'ira ta kwanta. Taron ya ce ai da gangan ya yi. Kumai ya ce to, ya rage Dattijo, don kada a ce an bar wani saboda girma.

Silvanus ya ce bayansa. Kumai ya ce ko taku kaɗan ne. Ya ba wani sandarsa, ya kama ƙafar yana nishi, ya tura. Ta yi hagu, ya bi ta, ta yi dama, ya yi kamar zai faɗi, mutane suna cewa a bar tsoho ya huta. Da kyar, da layi kamar na maciji, ya kai ta bango ya jingine.

"Ya isa, Dattijo, bar ta nan," in ji Kumai. Ya juya masa baya, ya ce wa Saje da ƙarfi gwajin bai nuna kome ba, shi ya gaza, a je a yi jana'iza.

Taron ya motsa. Galan suka fito fili, wani ya riga ya kama ƙyauren da Mijinyawa yake kai, Saje ya ɗana bindiga. Idon kowa ya koma can. Kumai kuwa ta ƙarƙashin hammatarsa yake kallon Silvanus, domin in tarkon bai kama ba, shi da bakinsa ya saki wutar.

Silvanus ya yi taku biyu zai bi jama'a, sai ya tsaya. Ya waiwaya. Zoben yana cikin laka, ga hanyar gara tana hawa bango dab da katakon. Ƙafarsa ta dama ta jawo dutse ɗaya, ta jawo na biyu. Ya sunkuya, ya sa hannu ɗaya a cibiya ɗaya a baki, ya ɗaga ƙafar cak kamar faifai ya ɗora, ya ɗan juya ta har ta zauna daidai. Bai yi nishi ba. Sai da ya miƙe yana kakkaɓe hannu ya ga Magdalene tana kallonsa, da Tagwai, da Saje wanda Kumai ya riƙe wa hannun riga ya juyo da shi.

"Bayan ya warke, Dattijo," in ji Kumai.

Taron ya tsaya, aka juyo daga gaba zuwa baya. Kumai ya ce haka aka tarar da ƙafar a filin Mijinyawa, a kan duwatsu biyu, a wurin da gara take cin kome ba mai kula. Ya ce mutum uku ne dukan Dogara ya koya wa wannan, ɗaya yana cikin akwati, ɗaya ya baro hannunsa a Gabas wurin yaƙi. Ya ce bai taɓa jin wanda ya yi shekaru yana ƙera ƙafa ya kasa gara ta ba, sai in yana da dalilin ɓoye hannunsa.

Silvanus ya dubi duwatsun, ya dubi hannuwansa da ɗan yatsan da ya karkace. Da ya yi magana, muryarsa ba ta dattijon majami'a ba ce.

"Tawa ce. Duka huɗun nawa ne. Na je in ce wa Meshak ya faɗa wa yaran makaranta sunana sau ɗaya, sau ɗaya kawai kafin mu mutu. Ya ce in kawo hannun ya gyara mini wani yatsan yadda Baba ya yi."

Kafin kowa ya motsa ya faɗa cikin maƙera ya fito da wata masaba daga jerin da ke bango. Kumai ne mafi kusa. Silvanus ya kai masa duka a ka, Kumai ya tare da hannu, aka ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Ya sake ɗagawa, Tagwai ya rungume masa ƙafafu da hannunsa guda, suka zube tare, Saje ya sa masa gindin bindiga a ƙeya. Nan take taron da ya zo don Mijinyawa ya juya. Duwatsu suka fara sauka, ɗaya ya tsaga wa Silvanus kunne, wani ya watsa masa kananzir a riga yana neman ashana. Kumai, da hannu yana lilo, ya ja jiki ya kwanta a kansa. Ya ce wanda zai ƙyasta ya ƙyasta da shi, tun da yau da safe ma sun tabbata, sun kuwa zubar wa marar laifi haƙora. Aka rasa mai ƙyastawa. Saje ya sa ankwa, ya kulle shi a cikin maƙerar da ya koyi sana'a, har motar ta iso washegari.

Waɗanda suka ɗauki ƙyauren Mijinyawa zuwa asibiti, cikinsu har da wanda ya kafta masa gora. Aka kwantar da shi a gado kusa da na Kumai. Ya juyo da idonsa mai gani ya ce yanzu ɓerayen Fadan Kaje za su huta, tun da maharbinsu ya zama mai hannu ɗaya. Kumai ya ce ya yi shiru, iska tana shiga ta giɓin haƙoransa.

An binne Meshak kafin faɗuwar rana, babu wanda ya bi ta bayan tasha. Da aka dawo daga maƙabarta, Bartholomew ya ce a kira kafinta a mayar da ƙafar jikin keke. Magdalene ta tashi. Ta je gindin bangon da kayan makokinta, ita da ta girma tana jin ƙarar belin nan a bayan yara, ta sa ƙafa ta ture dutse ɗaya, ta ture na biyu. Ƙafar ta zame ta kwanta a laka. Tagwai ya yi kamar zai sunkuya, ta dube shi, ya mayar da hannunsa cikin aljihu ya juya fuska.

Kafin kaka gara ta gama da maɗacin, sai zoben ƙarfe ya rage a cikin ciyawa. Keken yana nan a kan ƙafa uku da gungume. Bartholomew ya aika wa Mijinyawa cewa ya zo ya ɗauki zoben kyauta, ya aiko da amsa cewa sikelinsa ba ya ɗaukar irin wannan nauyi.

Iyakar abin da na sani ke nan. Da furfura na koyi riƙe alƙalami, saboda haka wanda ya ga na karkace a suna, ko a magana, ko a yadda abu ya bi abu, ina roƙonsa ya saita mini, Allah ya saka masa.